Ginin Baya

A gida Auta ake ce mata, domin daga ita ba a sake haihuwa ba, kuma sunan ya biyo ta har cikin intanet. Masu rubuta manhaja daga ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba haka suke kiranta, ba tare da sun san abin da yake nufi ba. Ita ma sana'arta ke nan, rubuta manhaja, amma ba da wannan aka fi saninta ba. An san ta da tara mutane. Shekara-shekara takan kama hayar gida guda, ta gayyato abokan aikin da suka daɗe suna gyara wa juna kuskure daga nesa ba su taɓa haɗa ido ba, su zo su zauna tare na 'yan makonni. A ci daga tukunya ɗaya, a yi layin banɗaki, da rana kowa ya duƙufa a kan kwamfutarsa, da yamma wani ya miƙe ya koya wa saura abin da ya iya.

Gidajen da take samu ba na a zo a gani ba ne. Akwai shekarar da rufi ya yi ta yoyo har suka riƙa aiki da bokiti a tsakanin ƙafafu, akwai wadda janareta ya mutu suka koma jona kwamfuta a shagon mai aski. Amma duk wanda ya zo sau ɗaya sai ya dawo da wani. Auta ce ke zuwa filin jirgi tarbar kowa, ita ta san wanda ba ya cin yaji da wanda minshari ya raba shi da abokan ɗaki. Idan ta ce wuri lafiya lau ne, uwa a wata ƙasa takan bar 'yarta ta hau jirgi.

Gidan bana mijin Yayarta ne ya samo shi. Dillalin gidaje ne, mutum mai fara'a, wanda tun tana 'yar makaranta yake tsokanarta da cewa kwamfuta za ta aura. Ya same ta a tsakar gida tana wanke wa Yaya kwanuka, ya ce ta shirya tukwici, albishir ya kawo. Wai wani mai kamfani ne ke son taimaka wa matasa. Yana da gida a bayan gari, ɗakuna birjik, wuta ba ta ɗaukewa, intanet kamar ruwan famfo. Ba haya, ba komai. Har tikitin jirgin marasa hali zai ɗauka.

Ta tambaya me mutumin zai samu. Mijin Yaya ya ce lada mana, ko ita kaɗai ce ke son aljanna? Yaya ta leƙo daga kicin ta ce ai Auta ko riga aka ba ta sai ta zazzage ta gani ko da allura a ciki. Suka yi mata dariya, ita ma ta taya su. Ta je ta duba gidan, ta ga falon da zai ɗauke kowa da kowa a teburi guda, abin da ta daɗe tana mafarki. A ranar ta aika gayyata.

Mai kamfanin bai taɓa nuna fuskarsa ba. Wanda ya tarbe su wani siririn mutum ne mai farar riga a goge, wanda masu gadi ke kira Manaja. Ba ya ɗaga murya, ba ya zama a kujera sai an ce ya zauna, kuma tun kafin baƙi su sauke jaka ya haddace sunan kowa. Da aka gama sauka, ya ce hukuma tana so a yi wa kowane baƙo rajista, a tara masa fasfo ya kai ofishinsu, gobe ko jibi za su dawo.

Mutum ɗaya ne ya yi jim, Dogo. Tun zaman farko Dogo yake zuwa daga ƙasarsu mai sanyi, kuma shi da Auta sun zama kamar wa da ƙanwa. Sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa. Ya ce shi bai saba rabuwa da fasfonsa ba. Auta ta ce ya daina abin kunya a gaban mai masauki, ita ta san wurin, surukinta ne ya haɗa. Ta ɗauki tiren shayi ta bi kowa da kanta, ta ɗora katin shaidarta a kai don a ga ba wani abu, ta miƙa wa Manaja. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Kwanakin farko sun yi daɗi, ba ƙarya. Da safe a yi rububin burodi da ƙwai, sannan falon ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin yatsu a kan kwamfuta da ihun wanda manhajarsa ta tashi bayan ta wahalar da shi. Akwai wata 'yar gajeriya mai tabarau da suke kira Likita. Ba ta taɓa riƙe allura ba, manhaja mai ciwo ake kawo mata ta gano inda cutar take. Ita da Dogo kullum cikin musu suke a kan wanda ya fi iya aiki, tana ɗaga kai kamar mai kallon jirgi tana gaya masa magana. Auta takan tsaya a bakin kicin ta dube su duka, ta ji zuciyarta fari ƙal.

Abin da ya fara tsaya mata a rai ginin baya ne. Dogon gini ne mara bene a ƙarshen fili, bayan wata 'yar katanga, an shafe tagoginsa da fenti. Na'urorin sanyaya ɗaki na gurnani a jikinsa ba dare ba rana. Manaja ya ce ɗakin injuna ne da ma'ajiyar kamfani. Amma safe da yamma sai masu gadi su turo amalanke ɗauke da manyan tukwane su shige da su can, su fito da su wayam. Likita ta ce lallai injunan ƙasar nan suna son shinkafa. Aka yi dariya. Auta ta lura ba a taɓa shanya ko tsumma a wajen ginin ba, kuma ba ta taɓa ganin kowa ya fito shan iska ba.

Sai maganar fasfo. Gobe ta zo, jibi ta wuce. Duk lokacin da ta tambaya, Manaja yakan dafa ƙirji ya ce mai sa hannun ne ya yi tafiya, ai ta san halin ofis. Ta san halin ofis ɗin, shi ya sa ta yi shiru.

Wata ranar da ake cin abincin rana Manaja ya shigo ya tsaya a gefen teburin, ya ce maigida yana gaishe su, yana kuma neman wata 'yar alfarma. Ƙaramin aiki ne a wurin gwanaye irinsu. Manhaja ake so wadda mutum ɗaya zai riƙa hira da mutane da yawa a lokaci guda, kowane yana ganin wata fuska da wani suna daban. Sai kuma wani shafi da zai yi kama da na banki, kamar an tsaga kara.

Cokula suka tsaya. Babu wanda bai gane ba a teburin. Dogo ya ture farantinsa ya ce wannan ba aiki ba ne, tarko ne na tsofaffi da masu neman abokin rayuwa, kuma shi ba ya ɗana tarko. Ya ce a ba shi fasfonsa yau, zai nemi otal.

Manaja bai ɓata rai ba. Ya gyara wani cokali da ya karkace a kan teburin.

"Ba dole a ciki," in ji shi. "Sai dai iyayenmu sun ce kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Ku ci abinci, kada ya huce."

Kafin la'asar intanet ya ɗauke. Sai a lokacin kowa ya tuna cewa waya ba ta kamawa a gidan. Tun zuwanta na farko Auta ta lura da hakan, amma da yake da intanet ake kiran gida, ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Ta sa takalmi ta nufi ƙofar waje don ta taka zuwa titi ta yi waya. Mai gadin da kullum yake ce mata ranki ya daɗe bai ko miƙe ba. Ya ce makulli yana wurin Manaja. Ta ce to ya kira shi. Ya dube ta, ya dubi bindigar da ke jingine a jikin benci, wadda a da ta ɗauka don ɓarayi aka ajiye ta, ya ce ta koma ciki, rana ta yi zafi.

Ta koma ta tarar kowa ita yake kallo. Ba wanda ya zarge ta da baki. Wani saurayi da wannan ne fitarsa ta farko daga ƙasarsu ya tambaye ta ko wasa ne irin na zaman, ko gwaji ake musu. Ta ce za ta gyara komai, su ba ta zuwa gobe. Ita kanta ta ji yadda muryarta ta fito.

Washegari kujerar Dogo ba kowa. Manaja ya shigo da fuskar jaje ya ce saƙo ya zo mahaifiyar Dogo ba lafiya, an kai shi filin jirgi da sassafe, wai Dogo ya ce a ba kowa haƙuri bai yi sallama ba. Auta ta haura ɗakinsa. An kwashe jaka, an gyara gado. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gadon, sai ga takalmansa, manya kamar kwale-kwale. Su kaɗai gare shi, domin ba kasuwar da ake samun daidai ƙafarsa. Ta zauna a ƙasa riƙe da ɗaya a cinya, tana kallon ginin baya ta taga. Amalanke ya wuce da tukwane kamar kullum.

Ta sauko ta ce wa Manaja tana son magana da 'yar'uwarta, in ba haka ba hankalin gida zai tashi. Ya ce ai wannan ba abin roƙo ba ne. Ya kai ta ofishinsa, ya buga lambar a wayar teburinsa ba tare da ya tambaye ta lambar ba, ya danna abin da zai sa kowa ya ji, ya koma gefe ya harɗe hannuwa.

Yaya ta ɗauka da murna, ana jin ƙarar yara a bayanta. Ta ce Auta ta samu gidan hutu ta manta da talakawa, ta tambaya ko tana cin abinci. Auta ta ce lafiya lau, amma akwai 'yar matsala da masu gidan, tana so Baban yara ya zo da kansa ya ɗauke ta. Sai muryar mijin Yaya ta shigo. Ba tsokana a cikinta ko kaɗan.

"Auta, ki yi abin da aka ce ki yi. Ni na tsaya miki a wurin mutanen nan. Kada ki ja mana abin da ya fi ƙarfinmu, akwai yara a gidan nan."

Ta ce masa, "Ka san abin da ke ginin baya?"

Ya ce shi gidan gaba ya nuna mata. Ya kashe wayar.

Manaja ya jawo mata kujera, ya zuba mata ruwa mai sanyi. Ya yi mata magana a hankali, kamar malami da ɗalibar da yake ji da ita. Ya ce ba ya so ta ɗauka ita ma'aikaciya ce. Masu buga kwamfuta ba su da wuyar samu, abin da ke da wuya shi ne a sa su hau jirgi da ƙafarsu suna murna. Kamfani ya sha yin talla, mutane sun fara wayo. Amma ita, kalma ɗaya ta rubuta suka taso daga ko'ina. Abin da ake so kawai ta sanar da zama na gaba, ta nuna yadda aka ji daɗin wannan. In ta yi haka ita za ta koma gida, Dogo zai dawo gidan gaba, kuma waɗannan da ke hannu za a sallame su da zarar sababbi sun iso. Bai ko yi ƙoƙarin sa ta yarda da wannan na ƙarshen ba.

Ta ce ya ba ta lokaci ta yi tunani. Ya ce lokaci nata ne, amma Dogo ba ya jin daɗin inda yake.

A kicin ta samu Likita tana wanke-wanke, domin ranar juyinta ne, kuma ko a wannan hali ba ta bar juyinta ba. Auta ta buɗe famfo sosai don ƙarar ruwa ta rufe muryarsu, ta gaya mata komai, har da muryar surukinta. Likita ta cire tabarau ta goge da gefen riga. Ta ce ita da za ta fito, mahaifinta ya ƙi yarda har sai da ta nuna masa hoton Auta ta ce ga wadda za ta je wurinta. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi sauƙi. Sannan ta tambaya ko Auta ta san sunan hanyar da gidan yake. Auta ta ce ta sani, har gidan man da ake karyawa a kusa da shi. Suka ci gaba da ɗauraye faranti suna magana ƙasa-ƙasa har ruwan ya fara malala a ƙasa.

Da ta koma wurin Manaja ta ce ta yarda, amma sai an bi yadda aka saba. Mutanenta ba sa yarda da hoto ko bidiyon da aka naɗa, domin su ne suka fi kowa sanin yadda ake haɗa na ƙarya. Kowane zama ana rufe shi ne da haskawa kai tsaye, kowa ya zauna a gaban kyamara, na gida su yi ta aiko da gaisuwa. In ba a yi ba, ko aka yi ba Dogo, wanda kowa ya san ba ya fashi, to za a fara tambaya. Manaja ya daɗe yana kallonta. Ya ce za a yi, amma shi zai rubuta abin da za ta faɗa, ba sunan gari, ba sunan hanya, kuma hannunsa zai kasance a kan wayar intanet ɗin.

Ran haskawar, da hantsi, aka kawo Dogo. An sa masa riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi, ƙafarsa ba takalmi, yana tafiya kamar mai tsoron ƙasa za ta fashe. Bai dubi kowa ba. Likita ta matsa masa wuri a kusa da ita. Aka jera kujeru a falo, aka ajiye furanni a teburi, masu gadi biyu suka tsaya inda kyamara ba ta kaiwa. Manaja ya ce kowa ya yi murmushi, ya jona wayar.

Nan da nan mutane suka fara shigowa. Auta tana ganin gaisuwarsu na gudu a gefen allo: tsofaffin 'yan zama, ɗaliban jami'ar cikin gari da ke bibiyarta, mahaifin Likita da ya rubuto yana ganin 'yarsa. Ta fara da abin da aka rubuta mata. Ta yi sallama, ta gode wa mai masauki, ta yaba ɗakuna da abinci, da muryar nan tata ta talla mai daɗi da kowa ya sani. Ta ga kafaɗun Manaja sun ɗan sauka. Sai ta ci gaba da muryar, da murmushin, ba ta canza ko numfashi ba. Ta faɗi sunan garin, ta faɗi sunan hanyar da gidan man da ake karyawa. Ta ce an karɓe musu fasfo, an kulle ƙofa da bindiga, kuma akwai mutane a tsare a ginin baya, kada kowa ya zo in ba da hukuma ba.

Ta kai kusan ƙarshe kafin Manaja ya fahimta, don kunnensa sautin yake bi ba kalmomin ba. Ya fizge wayar. Ɗaya daga masu gadin ya ɗauke ta da mari har ta faɗo daga kujera, ta ji gishirin jini a bakinta. Manaja ya ɗaga masa hannu. Ya zo ya tsuguna a gabanta, ya kula kada gwiwar wandonsa ta taɓa ƙasa.

"Kin yi gaggawa, Auta. Gida ne kawai kika ɓata mana, kuma gida ba ya wuyar samu."

Aka kulle su a falon daga waje. Ba wanda ya san ko an ji, ko kuma wayar ta yanke kafin maganar ta isa. Suka zauna a ƙasa, nesa da tagogi. Saurayin nan yana ta karanta addu'a da harshensu. Can sai suka ji an buɗe babbar ƙofa, manyan motoci sun shigo sun wuce baya. Auta ta rarrafa ta ɗaga gefen labule. Ta ga ana fito da mutane daga ginin a jere, maza da mata, kowa dafe da kafaɗar na gabansa, suna runtse ido saboda hasken rana. Sun fi abin da ta zata yawa nesa ba kusa ba. Ba mai kuka, ba mai gardama. Wata mata ta waiwayo ta dubi gidan gaba, ido cikin ido da Auta, kafin a tura ta cikin mota a ja tamfol.

Dogo ya yi magana a karon farko, yana kallon tafin hannunsa. Ya ce wanda aka zaunar kusa da shi a can ya fi shekara a ciki, kuma wannan ne gida na uku da aka kai shi. Shi ma talla ya gani ya zo.

Motocin suka fita. Janareta ya mutu, gurnanin ginin baya ya tsaya, gidan ya yi shirun da ba su taɓa ji ba. Sun daɗe a haka, zufa na karyo musu, ba su sani ba ko an bar wani a waje da umarni a kansu. Da suka ji ƙarar babura da hayaniya a bakin ƙofa, wasu suka ɓuya a bayan kujeru. Ashe ɗaliban jami'ar ne, sun cika mota da babura sun biyo kwatance. Da ƙarfen canza taya suka ɓalle ƙofar falon. 'Yan sanda sun iso bayansu, suka zagaya ginin baya, ba su samu komai ba sai dogayen tebura, da wayoyin wuta a tsintsinke, da katifu shimfiɗe a ƙasa har bakin banɗaki.

Fasfo sun tafi tare da Manaja. Auta ta shafe makonni tana yawo da baƙinta daga wannan ofishin jakadanci zuwa wancan, tana maimaita labari ɗaya ga fuskoki daban-daban. Ɗaya bayan ɗaya ta raka su filin jirgi. Wasu sun rungume ta, wasu sun ɗaga hannu daga nesa. Dogo ya sunkuyo ya ce mata shi bai riƙe ta da komai ba, amma kada ta jira shi baɗi. Likita ce kaɗai ta ce a kira ta duk lokacin da aka ji labarin mutanen motocin nan. Ba a ji ba.

An kira mijin Yaya an yi masa tambayoyi, ya ce shi dillali ne, gida ya haɗa, bai san cikin kowa ba. Aka sake shi a ranar. Da Auta ta je ɗaukar kayanta ta same shi a tsakar gida yana cin abinci da yara. Ya ce sannu da hanya, bai ɗago ba. Yaya ta biyo ta ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa tana murɗa gefen zaninta. Ta ce mutane suna ta zuwa da mota suna tsayawa a ƙofar gida ba sa fitowa, ta ce da Auta ta yi haƙuri ta bi a hankali da ba a kai ga haka ba. Auta ta zuge jakarta, ta shafa kan ƙaramin yaron da ya riƙe mata ƙafa, ta fita. Ta kama ɗaki a wata unguwa, ba ta gaya wa kowa inda yake ba.

Ta rubuta a duk inda muryarta ke kaiwa cewa ba sauran zama bana, ba zama baɗi, duk wanda ya ga gayyata da sunanta ƙarya ce. Tsofaffin 'yan zama suka taya ta yaɗawa. Amma sai shafuka suka riƙa ɓullowa da sunanta da fuskarta, suna tallan sabon zama a wata ƙasa, gida a bakin teku, tikiti kyauta. In ta sa aka rufe ɗaya, kafin ta gama shan shayi wani ya buɗe. Har salon rubutunta suka iya, da irin barkwancinta a kan masu minshari.

Wata safiya tana shanya kaya a igiyar bayan ɗakinta, wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, daga ƙasar da ba ta san kowa ba. Muryar yarinya ce aka naɗo, cike da ɗoki, ana jin sanarwar filin jirgi a bayanta. Ta ce wata ƙawarta ce ta ba ta tsohuwar lambar Auta, tana so ta yi godiya da bakinta. Ta sauka lafiya, ta daɗe tana burin zuwa zaman nan, ga direban ma ya iso riƙe da allo mai sunanta, sai sun haɗu a gida.

Auta ta saki rigar da ke hannunta ta faɗi a ƙasa. Ta danna kira, hannunta a jiƙe yana zamewa a kan gilashin. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake kira, ta rubuta kada ki shiga motar, ta sake kira. A karo na gaba aka ce mata wayar a kashe take.

Ta zauna a kan bokitin da ta kife, ta nemo lambar Likita, sannan ta fara laluben lambar 'yan sandan filin jirgin waccan ƙasar.